An ce kitse ya taru a hantar ɗana mai shekara 13: da gaske abin ya yi yawa a yara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau shiru ya gagare ni. Ɗana na fari shekararsa 13. Wata huɗu da suka wuce ya yi zazzaɓi aka ɗebi jininsa. Zazzaɓin ya tafi, amma likita ya ce wani awo na hanta da ake kira ALT ya hau, ya kai 71. Aka ce mu dawo bayan wata uku. Muka dawo, 68. Da aka yi masa hoton ciki sai aka ce kitse ne ya taru masa a hanta.

Ni iya sanina ciwon hanta na manya ne, ko mashaya giya, ko wanda ƙwayar cuta ta kama. An gwada shi, babu cutar hanta ta B, babu ta C. Yaro ne mai jiki, ban musa ba, amma yana cin abincinsa, yana zuwa makaranta, ko ciwon ciki bai taɓa kawo mini kuka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai yadda likitan ya faɗi maganar ne, wai "ai yanzu ya zama ruwan dare a yara." Ruwan dare kamar yaya? In haka ne, me ya sa ban taɓa jin wata uwa ta ambata ba? Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki.

Baban 'Yan Mata:
Allah ya yaye masa. Ni ma ina nan ina jiran masana, yau na fara ji.

Malam Mai Alli:
Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Amma zan faɗi abin da ke raina. Shekara 21 ina koyarwa a sakandare, yaran da suka bi ta hannuna sun haura dubu. Na ga masu sikila, na ga masu asma, na ga masu farfaɗiya, har mai ciwon sukari na taɓa samu a ajina. Mai kitsen hanta ko ɗaya ban taɓa gani ba. Abin da aka ce ruwan dare ne ai ba ya ɓuya. Ina tsoron kada a mayar da ƙibar yara cuta, a yi ta tayar wa iyaye hankali.

Likitar Yara:
Malam, na fahimce ka, kuma dalilin da ya sa ba ka gani ba shi ne ainihin matsalar. Ka gan su, suna zaune a gabanka suna rubutu, sai dai babu abin da zai nuna maka. Hanta ba ta da saurin kuka. Yawancin yaran da ke ɗauke da wannan abu ba sa jin komai, kaɗan ne ke cewa suna gajiya ko suna jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ciwon shawara da kumburin ciki sai tafiya ta yi nisa ƙwarai. Yadda aka gano na ɗan Uwar Biyu haka ake gano mafi yawansu: an je neman wani abu aka ci karo da shi.

Bari in fara da abin da ake nufi. Lafiyayyar hanta tana da ɗan kitse kaɗan. Idan ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta sun cika da kitse, a nan ake cewa akwai matsala. A da sunanta NAFLD, wato kitsen hanta wanda ba giya ta kawo ba. A 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya sunan zuwa MASLD, don ya nuna tushen abin, wato tangarɗa a yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. A jikin manya aka fara siffanta mai tsananinta a 1980, a asibitin Mayo na Amurka. Rahoton farko a kan yara ya fito a 1983, kuma yara uku kacal ya ƙunsa.

Game da yawanta, binciken da aka fi kafa hujja da shi na Dakta Jeffrey Schwimmer ne da abokan aikinsa a San Diyego ta Amurka, wanda ya fito a 2006. Sun duba hantar yara 742 masu shekara 2 zuwa 19 da suka rasu tsakanin 1993 da 2003, yawancinsu ta haɗari da makamantansa. Naman hantar suka duba a madubin likita, ba hoto ba. Lissafinsu ya ba da kashi 9.6 cikin 100, kusan yaro ɗaya cikin goma. A 'yan shekara 2 zuwa 4 bai kai kashi 1 ba, a 'yan 15 zuwa 19 ya haura kashi 17. A cikin masu ƙiba sosai kuwa, kashi 38.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Ɗaya cikin goma, Likita? Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Ƙididdiga:
Likita, a yi mini afuwa in sa baki, don aikina ke nan. Adadin nan gaskiya ne, amma na yanki ɗaya ne a ƙasa ɗaya, kuma daga gawarwaki aka samo shi. Bai kamata a ɗauke shi a shimfiɗa wa duniya ba tare da an haɗa da wasu ba.

A 2015 wasu masu bincike a Birtaniya sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban suka haɗa su wuri guda. A tsakanin yara gaba ɗaya suka samu kashi 7.6, a tsakanin waɗanda ake kaiwa asibitin masu ƙiba kuma kashi 34.2. Maza sun fi mata. To kun ga bai yi nisa da na San Diyego ba, kuma wannan ne ya sa ni kaina na yarda da maganar: hanyoyi biyu mabambanta, amsa kusan ɗaya.

Abin da nake so mutane su riƙe shi ne, adadin yana bin ma'aunin da aka yi amfani da shi. In da gwajin jini aka ƙirga, za a tsallake yaran da hantarsu ke da kitse amma ALT ɗinsu bai hau ba. In da hoton sikanin ne, shi kuma ba ya gani sosai sai kitsen ya kusa kashi 30. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da babbar na'urar maganaɗisu, ya fi su ido, amma ba a iya yi wa dubban yara. Shi ya sa za ku ga wani wuri an rubuta 5, wani wuri 10, wani ma fiye. Ba ƙarya wani ya yi ba, mudun ne ba ɗaya ba.

Malam Mai Alli, in muka ɗauki 7.6 ɗin nan, aji mai yara 40 zai samu kamar uku. Ba dole kowane aji ba, ya danganta da yawan masu ƙiba a cikinsa.

Malam Mai Alli:
To na ji. Amma yanzu na je na duba binciken San Diyegon nan, na ga abin da ba ku faɗa ba. Yara 'yan asalin Latin Amurka kashi 11.8, 'yan asalin Asiya 10.2, farar fata 8.6, baƙar fata 1.5. Tsakanin 11.8 da 1.5 ai akwai tafiya. Ke nan ba kowane yaro abin ya shafa daidai ba, kuma "ɗaya cikin goma" ɗin nan ya haɗiye wannan bambanci.

Likitar Yara:
Ka yi daidai Malam, kuma na gode da ka fito da shi. Gado yana da hannu sosai. A 2008 masu bincike a Dalas ta Amurka suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3 da ke sa hanta ta riƙe kitse maimakon ta sake shi. Ya fi yawa a 'yan asalin Latin Amurka, ya fi ƙaranci a 'yan asalin Afirka. Shi ya sa yara biyu za su yi nauyi ɗaya, wannan hantarsa ta cika, wancan tasa garau.

Sai dai kada wani ya karanta 1.5 ya miƙe ƙafa. Na farko, ba sifili ba ne, kuma uwar da ɗanta ya faɗa cikin kason ba ruwanta da ƙanƙantarsa. Na biyu, yaron da ƙiba ta bar masa hanta ba ta bar masa sauran jiki ba, ciwon sukari da hawan jini suna nan suna jiransa. Na uku, an rufe tattara bayanan nan tun 2003, kuma duniyar yara ta sauya tun daga lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 ya zama kashi 20, yara sama da miliyan 390, daga cikinsu miliyan 160 masu ƙiba sosai. Kuma ba ƙasashe masu arziki kaɗai ba, hauhawar ta fi sauri a masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Ɗan Ƙididdiga:
Akwai shaidar hauhawar a kan hantar kanta ma. A binciken lafiyar ƙasa na Amurka, matasa 'yan 12 zuwa 19 da ake zargin suna da ita sun tashi daga kashi 3.9 a tsakanin 1988 da 1994 zuwa 10.7 a tsakanin 2007 da 2010. Ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi a duka lokutan, don haka ba za a ce mudu ne ya sauya ba. Cikin shekara 20 ya ninka fiye da sau biyu.

Hajiya Kaka:
Ni duk lissafin nan ya fi ƙarfin kaina, 'ya'yana. Abin da na sani, jikokina biyar nake riƙo. In na ga yaro ya yi kumatu ya yi ɓul-ɓul sai in ji daɗi, in ce na iya riƙo. Akwai ɗaya, mace, shekararta 11, ta fi sauran jiki. Wuyanta ya yi baƙi ta baya kamar dauɗa, na sa soso na dirje har ta yi kuka bai fita ba. Wata ta ce mini wai yana da alaƙa da irin wannan. Haka ne, Likita? Kuma wallahi yarinyar nan ba ta son kitse, in ta gan shi a nama cirewa take yi. Ta ina kitse zai shiga hantarta?

Likitar Yara:
Hajiya, don Allah a ajiye soson nan, ba dauɗa ba ce, kuma ba laifin yarinya ba ne. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya ko hammata, mai kauri da laushi kamar ƙaramiski, sau da yawa alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Idan jiki ya ƙi ji, sai a yi ta ƙaro insulin ɗin, shi kuma yawansa ke sa fata ta yi kauri ta yi duhu, kuma shi ke umartar hanta ta yi ta ƙera kitse. Ba ina cewa jikarki tana da kitsen hanta ba. Ina cewa ta cancanci a kai ta a auna mata sukari da ALT.

Tambayarki ta biyu ita ce wadda iyaye suka fi yi mini. Hanta ba sai an ba ta kitse ba, da kanta take haɗa shi, kuma sukari ne kayan aikinta. Sukarin da muke zubawa a abin sha rabinsa gulukos ne, rabinsa furaktos. Gulukos duk jiki na amfani da shi. Furaktos kuwa, in ya zo da yawa lokaci guda, hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, abin da ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. Babu hanyar da ta fi kawo shi da yawa lokaci guda kamar abin sha. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, wajen ƙaramin cokali tara. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 na sukarin da aka ƙara a yini guda, ɗan ƙasa da shekara 2 kuma kada a ba shi sam. Gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake na yinin gaba ɗaya.

Ruwan 'ya'yan itace na kwali ma kada sunan ya ruɗe mu, sukarinsa ba shi da nisa da na lemo. Amma ɗan itacen da yaro zai tauna da kansa ba shi ne matsala ba, don dusarsa tana rage saurin shigar sukarin, kuma ciki yana cika kafin a yi ɓarna.

Hajiya Kaka:
Allah sarki. Na cuci yarinyar nan da dirza ban sani ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa ubanta ya kai ta.

Baban 'Yan Mata:
Likita, ni nawa duk sirara ne, kuma an ce maza sun fi kamuwa. Ke nan na tsira?

Likitar Yara:
Haɗarinsu ya yi ƙasa sosai, Alhaji, amma ba zan ce babu ba. Akwai yaran da nauyinsu daidai yake, sai dai kitsensu a ciki yake taruwa, ka ga hannu da ƙafa sirara ga ɗan tumbi. Ko a binciken San Diyego an samu kitsen a wasu masu matsakaicin nauyi.

Kuma akwai abin da ke ba mutane mamaki: yunwa ma tana cika hanta da kitse. A kwashiyoko, wadda Dakta Cicely Williams ta siffanta a shekarun 1930, hantar yaro takan kumbura da kitse saboda jiki ya rasa sinadarin gina jiki da zai yi dakon kitsen ya fitar da shi. Wannan wata cuta ce daban da maganinta daban, na kawo ta ne don a gane cewa "kitse a hanta" abin da hoto ya gani ne, ba shi ne ƙarshen bincike ba. In yaron siriri ne, ko bai kai shekara 9 ba, ko ALT ɗinsa ya haura 80, dole a zurfafa neman wani dalili: cutar hanta ta B da C, cutar Wilson da ke tara tagulla a jiki, garkuwar jiki da ke juyowa ta yaƙi hanta, ko wasu magunguna kamar sitiroyid da wani maganin farfaɗiya. Ko yaron mai ƙiba ne sai an kore waɗannan, don mai ƙiba ma yana iya kamuwa da su, kuma wasunsu suna da magani na musamman da jinkirinsa ke da haɗari.

Uwar Biyu, ki tambayi likitanku ko an duba waɗannan bayan B da C.

Uwar Biyu:
Na rubuta su, zan tambaya. Amma Likita, takardar gwajin ta nuna iyakar ALT 45 ce. Na ga 68 ai bai wuce da yawa ba.

Likitar Yara:
Wannan iyakar ta manya ce, ɗakunan gwaji da yawa ita suke bugawa ga kowa. A yara, iyakar da ƙungiyar likitocin ciki da hantar yara ta Arewacin Amurka ta ɗauka a 2017 ita ce 22 ga mace, 26 ga namiji. Idan ya kai ninki biyun haka ya kuma zauna wata uku, sai a bincika. Na ɗanki ya cika wannan sharaɗi, likitanku ya bi hanya. Yara da yawa suna wucewa ne saboda an kalli 40 an ce lafiya lau.

Mai Neman Sani:
Malama ki nemi maganin wankin hanta, ana sayarwa, na ganye ne ba shi da illa. Wani maƙwabcina ya sha ya ce ya ji daɗin jikinsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ɗan'uwa na san da alheri ka faɗa, amma don girman Allah kada a ba yaron nan. Duk abin da aka haɗiya ta hanta yake bi, na ganye ne ko na kwalba. Na yi jinyar mutanen da irin waɗannan haɗe-haɗen suka kwantar, ido ya yi ɗorawa. Hantar da ke fama ba a ƙara mata kaya. Kuma jin daɗin jiki ba shaida ba ne a cutar da tun asali ba a jin ta.

Ko magungunan asibiti ba su yi abin da aka so ba. An gwada bitamin E da metformin (maganin ciwon sukari) a yara 173 na kusan shekara biyu, sakamakon ya fito a 2011, babu wanda ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta, wadda aka bayar don kwatance, wajen saukar da ALT ya zauna. Maganin farko da Amurka ta amince da shi don wannan cuta, resmetirom, a Maris 2024 ya fito, kuma na manya ne masu tabo a hanta.

Ɗalibi:
Ina neman izinin iyayena da ke nan in ce wani abu. Shekarata 20. Ina ɗan 14 aka gaya wa mahaifiyata irin wannan magana a kaina. Abin da ya biyo baya shi ne aka ware ni. Ƙannena suna shan lemo a gabana, ni a ba ni ruwa. In na miƙa hannu zan ƙara abinci sai wani ya ce "ka manta hantarka?" A makaranta ana tsokanata da ƙiba, in dawo gida a ɗora daga inda aka tsaya. Sai na koma saye a ɓoye ina sha a hanya, na ma fi da sha. Ban fara samun sauƙi ba sai da yayana ya fara jana wasan ƙwallo kullum da yamma, bai taɓa ambata mini hanta ko nauyi ba.

Mama Uwar Biyu, ban san yadda kike yi da shi ba, amma ina roƙonki kada ya zama shi kaɗai ne mara lafiya a gidan.

Uwar Biyu:
Ɗana, ka sa ni hawaye. Abin da nake yi ke nan tun ranar da muka dawo. Jiya ƙanwarsa tana shan lemo ya tashi ya shige ɗaki bai ci abincin dare ba, ni kuma na bi shi da faɗa. Allah ya yi maka albarka da ka faɗa mini.

Likitar Yara:
Abin da Ɗalibi ya faɗa ya fi duk abin da na rubuta amfani, kuma bincike yana bayansa. A 2019 an wallafa wani gwaji da aka yi da yara maza 40 masu shekara 11 zuwa 16 da ke da cutar. Rabinsu aka rage musu sukarin da ake ƙarawa ƙwarai na mako takwas. Yadda aka yi shi ne abin lura: an kwashe kayan zaƙin gidan, aka riƙa kawo wa iyalin gaba ɗaya abinci, ba yaron kaɗai ba. Kitsen hantarsu ya sauka daga kashi 25 zuwa 17. Na ɗaya rukunin daga 21 zuwa 20 kawai. A wani gwajin na 2017, yara 41 aka rage wa furaktos na kwana tara ba tare da an rage musu yawan abinci ba, kitsen ya sauka daga kashi 7.2 zuwa 3.8. Ƙananan gwaje-gwaje ne na gajeren lokaci, amma sun nuna hantar yaro tana da saurin amsawa.

Motsa jiki kuma yana rage kitsen ko da sikeli bai motsa ba. Awa ɗaya a yini Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga 'yan 5 zuwa 17, kuma wasan da zai sa shi haki da gumi ya wadatar. Yaro mai tasowa ba a sa shi yunwa. Sau da yawa in nauyin ya tsaya tsawo ya ci gaba, an yi nasara.

Malam Mai Alli:
Na sauko daga inda na fara, na yarda abin yana da yawa. Amma ga inda har yanzu ban gamsu ba. In yaro ɗaya cikin goma ko goma sha uku yana da shi, kuma ba ya jin komai, kuma maganin shi ne rage zaƙi da motsa jiki, wanda kowane yaro ya kamata ya yi ko da gwaji ko babu, to mene ne amfanin liƙa masa sunan cuta? Ga Ɗalibi nan ya gaya mana abin da sunan ya jawo masa. Nawa ne cikinsu abin ke kaiwa ga illa ta gaske?

Likitar Yara:
Tambaya ce mai nauyi, likitoci ma sun yi ta ja a kanta. Yawancin yaran kitse ne kawai, kuma yana iya komawa. Amma a San Diyego, kusan kashi 23 na masu kitsen an same su da kumburi a hantar, wato matakin da ƙwayoyinta ke lalacewa. Kumburi in ya daɗe yana barin tabo, tabo in ya taru hanta ta ƙandare. Kaɗan ne ke kaiwa can suna yara, amma ana samu. Damuwata ita ce lokaci: wanda ya fara yana ɗan 50 da wanda ya fara yana ɗan 12 ba tafiya ɗaya ce a gabansu ba.

Kuma ba hanta kaɗai ba. A wani nazari na 2016 kan yara 675 masu cutar a Amurka, kashi 23 suna bakin kamuwa da ciwon sukari, kashi 6.5 sun riga sun kamu. A Suwidin an bi yara da matasa 718 na shekaru masu yawa, aka ga mutuwa a cikinsu ta kusa ninka ta tsaransu sau shida, ta hanyar ciwon daji da ciwon zuciya da na hanta.

Amfanin gwaji a wurina biyu ne. Yana tsamo yaron da ke da wata cutar daban da aka ɗauka ƙiba ce, yana kuma nuna wanda ya kamata a sa wa ido sosai. Shi ya sa ba a ce a gwada kowa ba. An ce daga shekara 9 zuwa 11 a auna ALT ga masu ƙiba sosai, da waɗanda nauyinsu ya ɗan wuce in akwai ƙarin dalili kamar tumbi, baƙin wuya, minshari mai ɗauke numfashi, ko cutar a dangi.

Ɗan Ƙididdiga:
Ƙarin bayani a kan na Suwidin don kada Uwar Biyu ta sake rasa barci. Duk mutum 718 ɗin nan sai da aka tsakuro naman hantarsu da allura aka tabbatar, kuma ba a yi wa yaro haka sai an ga abin nasa ya yi tsanani. Su ne can ƙarshen layi, ba su ne hoton kowane yaro mai kitsen hanta ba. Na 675 ɗin ma daga asibitocin ƙwararru aka samo su.

Malam, a kan tambayarka ina tsakiya. Na yarda da gwaji ga waɗanda Likita ta lissafa. Amma abin da ya shafi miliyoyin yara ba a ɗakin likita za a gama da shi ba. Birtaniya ta sa haraji a kan lemo mai yawan sukari a 2018, kamfanoni da yawa suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki. Meziko ta sa nata tun 2014. Irin wannan yana taɓa kowane yaro ba tare da an kira ko ɗaya mara lafiya ba.

Malam Mai Alli:
A nan mun haɗu. Ni abin da ke hannuna shi ne lokacin wasanni, wanda mu malamai muka saba cinyewa da darasi in jarrabawa ta matso. Zan kai maganar taron malamai. Amma batun gwaji har yanzu ina ganin sai an koya wa masu faɗa yadda za su faɗa, a gaban yaro musamman.

Uwar Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yau da safe ni da mahaifinsu mun kwashe lemon da ke gidan, muka ce na kowa ne, har mu. Ban ce masa saboda shi ba ne. Saura tambaya ɗaya, Likita. Ƙanwar tasa shekararta 10, ita ma ta fara jiki, mahaifinsu kuma yana da tumbi da hawan jini. Su ma a gwada su?

Likitar Yara:
E, duka biyun, ke ma in kina da ƙiba ko sukari. Cutar tana bin gida, ta jini da ta tukunya ɗaya. A wani ƙaramin bincike na 2009, an samu kitsen a kashi 59 na 'yan'uwan yaran da ke da ita, da kashi 78 na iyayensu, yawancinsu ba su sani ba. In za ku koma, ki nemi a auna wa yaron sukari da kitsen jini da hawan jini in ba a yi ba, a kuma sa muku ranar maimaita ALT.

Uwar Biyu:
An ba mu wata uku. Zan haɗa su duka in kai, in sha Allah zan dawo nan in gaya muku abin da aka samu. Hajiya Kaka, ke ma muna jiran labarin jikarki.

Hajiya Kaka:
Sun tafi tun ƙarfe takwas, 'yata. An ce kada ta karya kafin a ɗebi jinin, ina nan na ajiye mata abincinta.